Jijiyar gwiwa ta tsinke: ɗori, gashi, aiki a gida ko fita waje?

Ƙanena ne ya ja mani wannan karatun na dole. Wata Asabar da la'asar suna buga ƙwallon unguwa a wani fili can bayan Ƙofar Ƙaura, ba wanda ya taɓa shi fa, ya dai kafa ƙafar dama zai juya kawai sai ya ji ɗas a cikin gwiwa, ya zube. Kafin isha'i gwiwar ta yi suntum kamar tulu. Aka ce targaɗe ne, aka kai shi wajen mai ɗori, kumburi ya saɓe bayan sati uku, kowa ya ce alhamdulillahi. Sai da ya zo saukowa daga Keke Napep a bakin kasuwa ƙafar ta sulluɓe mashi ya durƙushe gaban mutane, sannan muka san da sauran magana. Wata biyar muka yi muna yawo tsakanin Katsina da Kano kafin mu gane bakin zaren, shi ya sa duk wanda ya tambaye ni yanzu "Yaya, a yi aikin nan ko a bari?" ba na iya ba shi amsa a tsaye, sai mun zauna.

Gwiwa tana da manyan jijiyoyi 4 da suka ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri, biyu a gefe da gefe, biyu kuma a can tsakiya sun gitta juna. Ta gaban cikin masu gittawar ita likitoci ke kira ACL, kuma ita ce ta 'yan ƙwallo. Ita ta kwantar da Van Dijk a Oktoban 2020 sai bayan wata tara ya dawo, ita ce ta sa Rodri ya je karɓar Ballon d'Or a 2024 yana dogara sanda. Aikinta ta hana ƙwauri zamewa gaba ko murɗewa in ka kafa ƙafa ka juya. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna ta, shi ya sa za a ce maka "ba karaya" ka tafi gida da murna alhali ɓarnar na nan. MRI ne ke nuna ta, kuma likitan ƙashi da ya san hannunsa yana ganewa tun kafin hoto, ya riƙe cinya ya jawo ƙwaurin ya ji ko akwai birki ko babu. Ta gefen ciki in ita ta yage yawanci tana warkewa da takalmin gwiwa da hutu. Ta tsakiyar nan kam in ta rabu biyu mafi yawa ba ta komawa yadda take.

Abu ɗaya kafin a shiga lissafi. In gwiwa ta kulle ta ƙi miƙewa gaba ɗaya, ko bayan hatsarin mashin ƙafar ta yi sanyi ko ta mutu ba ka jin yatsunka, wannan ba maganar zaɓi ba ce, asibiti za ka nufa a ranar. Duk abin da zan faɗa a ƙasa na wanda jijiyarsa ta tsinke ne amma yana takawa.

Ma'aunin da na bi

Na farko kuɗi, amma kuɗin gaba ɗaya. Mutane suna tambayar "nawa ne aikin?" kamar za su sayi buhun masara. Bil ɗin ɗakin tiyata wani yanki ne kawai. Akwai MRI da gwajin jini kafin aiki, akwai ƙarafunan da za a ɗaure sabuwar jijiyar da su, akwai takalmin gwiwa da sanduna, magani, kuɗin mota, abincin mai jinya, sannan gashi, wato motsa jiki mai tsari a asibiti, na wata tara zuwa shekara, ga kuma kuɗin da ba ka samu ba saboda kana kwance.

Na biyu ƙarko, wato bayan shekara biyar ko goma gwiwar na riƙe ka ko kuwa. Na uku sauƙi: nisa, layi, takardu, da wanda zai duba ka in matsala ta taso da dare. Na huɗu haɗari. Na biyar kuma, wanda ni a wajena ya fi sauran nauyi, mi kake yi da gwiwar? Malamin makaranta da ke tafiya miƙe daga aji zuwa ofis ba ɗaya yake da ɗan ƙwallo ko soja ko birkila mai hawa tsani da kwanon kankare a kai ba. Kuma mu nan gwiwa tana da aikin da ba a cika lissafawa a littafin Bature ba, sujada da zaman tahiya sau biyar a rana, tsuguno a masai, zama a tabarma, taka kik ɗin mashin.

Mai ɗori

Zan fara da shi don can kusan kowa ke fara zuwa, mu ma can muka fara. Shi ya fi araha nesa ba kusa ba, yana unguwa, ba kati ba layi, wani ma abin sadaka kawai zai karɓa. Ba raina sana'ar gado nake ba. Amma jijiyar nan tana can cikin gaɓa tsakanin ƙasusuwa biyu, hannu ba ya kai mata, man shafawa ba ya kai mata, kara da tsumma ba sa haɗa ta. Kumburin ko an je ko ba a je ba zai sauka da kansa cikin 'yan makonni, sai a ba ɗori lada. Abin da ya fi damuna shi ne ɗaure ƙafa a sanƙare na tsawon lokaci, cinya ta tsotse ta rame, gwiwa ta ƙage ta ƙi lanƙwasuwa, ka ga an ƙara wa Barno dawaki kenan. In aka matse ɗaurin da yawa jini na iya yankewa, in aka yi tsaga ƙwayar cuta na iya shiga. Ga wannan ciwon, ɗori ɓata lokaci ne in an yi sa'a.

Gashi zalla, ba aiki

Nan ne na daɗe ban yarda ba, don a tunanina abin da ya tsinke sai an ɗinke. Ashe ba kowa ke buƙatar wuƙa ba. Kuma in na ce gashi ba fitilar nan mai zafi da tausa da man zafi nake nufi ba, motsa jiki ne mai tsari a hannun ɗan fiziyo, a gina naman cinya na gaba da na baya har su karɓi wani ɓangare na aikin jijiyar, a koya wa ƙafa tsayuwa ita kaɗai, a koya mata juyi da sauka.

An yi wani bincike a Suwidin da aka buga a 2010, matasa 121 masu wasanni da jijiyar ta tsinke musu sabuwa. Aka raba su biyu, 62 aka yi musu aiki da wuri, 59 aka ce su fara gashi, wanda bai gamsu ba a yi mashi aiki daga baya. Bayan shekara 5, mutum 30 cikin 59 ɗin nan ne suka koma aka yi musu aiki, sauran kusan rabi ba a taɓa yanka su ba, kuma da aka auna lafiyar gwiwa ɓangarorin biyu ba su bambanta ba. Sai dai akwai wani na Birtaniya da ya fito a 2022, mutum 316 waɗanda ciwonsu ya kwana biyu kuma gwiwar na ta sulluɓe musu, a nan kam waɗanda aka yi wa aiki sun fi samun sauƙi bayan wata 18, kuma kashi 41 cikin 100 na 'yan gashin sai da suka koma tiyata. In ka haɗa biyun abin da suke faɗa a fili yake: sabon ciwo a ba gashi dama tukuna, tsohon ciwo da ƙafa ke ta kayar da mai ita kuma aiki ya fi.

Kuɗinsa shi ne mafi sauƙi cikin hanyoyin asibiti, kuma ba a dunƙule ake biya ba, kana zuwa kana biya. Ana yinsa a cikin garin Katsina, ba sai ka je ko'ina ba, manyan asibitocinmu suna da sashen gashi. Ba allurar baya, ba yanka, ba tsoron ciwo ya ruɓe. Haɗarinsa guda ne amma babba: duk sanda gwiwar ta sulluɓe tana iya yaga guringuntsin nan da ke zaune tsakanin ƙasusuwan kamar matashi, kuma shi in ya lalace shi ke gaggauto da ciwon sanyin gaɓa tun mutum bai tsufa ba. Sannan yana son naci. Yawancin samarinmu sati uku suke yi, da sun ji zafi ya tafi sai ka gan su a fili ana zaɓen 'yan wasa.

Ko da aikin za a yi a ƙarshe, kuɗin gashin farko bai faɗi ƙasa banza ba, don likitoci ba sa son yanka gwiwar da ke kumbure ko ta ƙage, sun fi son ta miƙe sosai cinya ta yi ƙarfi tukuna.

Aiki a asibitin gwamnati

Bari in faɗi mi ake yi a aikin, don daga nan za ka gane inda kuɗin ke tafiya. Ba ɗinke tsohuwar jijiyar ake ba. Ana ciro wata jijiya daga jikinka, yawanci ta bayan cinya ko ta ƙasan ƙoƙon gwiwa, a huda ƙashin cinya da na ƙwauri, a zura ta ta bi hanyar tsohuwar, a ɗaure ta sama da ƙasa da sukuru ko wani ɗan maɓallin ƙarfe. Da kyamara ake yi ta ƙananan huji biyu ko uku, awa ɗaya zuwa biyu an gama, yawanci da allurar baya. To kyamarar nan da sukurorin da ruwan wuƙaƙen da ake aske cikin gaɓa da su duk daga waje ake shigo da su, da dala. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, a 2024 ta haura 1,500. A ce misali kayan da za a sa maka na dala 500 ne, da naira 230,000 ne, a 2024 suka koma 750,000, likita bai ƙara ko sisi a ladansa ba. Shi ya sa farashin da maƙwabcinka ya biya shekara uku da suka wuce ba zai yi maka amfani ba, kuma shi ya sa in an ba ka bil ka tambaya kwana nawa zai yi kafin ya canza.

A nan gida akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda har yanzu kowa ke ce wa FMC, da asibitin Amadi Rimi, duka suna da likitocin ƙashi, nan ya kamata a fara a tabbatar da mi ya tsinke. Asibitin ƙashi zalla mafi kusa da mu shi ne na Dala a Kano, tun 1959 yake, ɗaya daga cikin tsofaffin guda uku na tarayya tare da na Igbobi a Legas da na Inugu. Daga Katsina wajen kilomita 170 ne, mutumin Daura kuma ta Kazaure zai bi ya fi mu kusa. Kana iya sammako ka ga likita ka dawo ka kwana gida, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga aikin da za a yi ta komawa dubiya.

Kuɗin gado da na ɗakin tiyata da ladan likita a asibitin gwamnati sun fi sauƙi sosai, amma ƙarafunan kai za ka saya, a nan rangwamen ke tsayawa. Wahalarsa layi, ana iya ba ka rana a ɗaga, yajin aikin likitoci na iya faɗowa a tsakiya, inji na iya lalacewa. Sa'ar da aka yi wannan aikin ba na gaggawa ba ne, jiran wata biyu ko uku kana gashi ba ya ɓata komai matuƙar ka bar ƙwallo.

Ƙarko kuma ba sunan asibiti ke kawo shi ba, hannun likita ne. Babban abin da ke sa aikin ya lalace ta ɓangaren likita shi ne a huda ƙashi ba a daidai wurin ba. Ba kowane likitan ƙashi ne ya ƙware a aikin kyamara ba, don haka ka cire kunya ka tambaya cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, irin wannan aikin kamar guda nawa kuke yi a shekara?" Likitan kirki ba zai ji haushi ba. Ka kuma tambaye shi wace jijiya zai ciro. Ta ƙasan ƙoƙon gwiwa tana da ƙarfi, 'yan ƙwallo da yawa ita ake sa musu, amma an san ta da barin ciwo a gaban gwiwa in an durƙusa, kai kuma mai sujada ne kullum. Ka faɗa mashi haka tun kafin a shiga, ya auna maka.

Aiki a asibitin kuɗi, Kano ko Abuja ko Legas

Aiki iri ɗaya ne, sau da yawa ma likitan da ke asibitin gwamnati da safe shi ne a can da yamma. Abin da kake saye shi ne lokaci da natsuwa, yau ka biya diposit cikin sati a yi maka, ɗaki mai esi, ba yajin aiki. Lissafin miliyoyi ne, kuma na Abuja da Legas ya fi na Kano zafi, ga kuɗin masauki. Mu wani asibitin kuɗi da muka je, farashin da aka faɗa mana a waya daban, da muka zauna aka buga takarda sai ga ƙarafuna daban, mai ba da allurar barci daban, takalmin gwiwa daban, kuma wai in an shiga an tarar guringuntsi ya yage ɗinkinsa wani kuɗin ne. Wannan na ƙarshen ba cuta ba ce, gaskiya ne ana yawan tarar da shi kuma kayan ɗinkinsa na da tsada, amma ai gara ka sani tun kana da sauran dabara. Ka ce a rubuta maka komai da komai a takarda ɗaya da hatimi.

Fita waje, Indiya ko Masar

Mu Katsinawa da an ce ciwo ya yi tsanani sai a ce a fita da shi. Asibitocin Indiya da ke neman baƙi yawanci dala 3,000 zuwa 5,000 suke sa wa wannan aikin, a Amurka kuwa wanda ba shi da inshora dubban daloli gomomi zai biya, shi ya sa ake ganin Indiya araha ce. Araha ce ga mai samun dala. A ɗauki tsakiya, dala 4,000 a kan 1,500 na 2024 naira miliyan 6 kenan, mai albashi mafi ƙaranci na 70,000 sai ya tara na sama da shekara 7 bai ci bai sha ba. Kuma ba a sa tikitin mutum biyu ba, don ba ka tafiya kai kaɗai da sanduna, ba a sa fasfo da bizar jinya da katin rigakafin shawara ba, ba a sa otal da abinci na sati biyu ko uku ba. Masar ta fi kusa, akwai jirgi daga Kano kai tsaye zuwa Alƙahira, abinci da masallaci ba matsala, wanda ya yi islamiyya mai zurfi ma zai ɗan tsinci magana.

Gaskiya suna da likitocin da wannan aikin ne abincinsu kullum, kayan aiki ba yankewa. Amma ka duba abin da ke biyo baya. Doguwar tafiyar jirgi da sabon yanka a ƙafa tana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya. In ka dawo gwiwa ta yi zafi ta fara ruwa ranar Juma'a da dare, likitanka na wata nahiya, WhatsApp kawai ke tsakaninku, a ƙarshe wajen likitan gida da ka tsallake za ka koma. Ga 'yan ejan masu cin kamasho a asibiti su kuma ci a wajenka. Sannan wata taran nan na gashi, wanda shi ne rabin aikin, a Katsina za ka yi shi ko a ina aka yanka ka.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Ɗori | Kaɗan ƙwarai | Ba ya haɗa jijiyar | Yana unguwa | Ƙagewa, ramewar cinya, yankewar jini |
| Gashi zalla | Kaɗan, a hankali ake biya | Yana riƙe wasu, wasu sai sun koma aiki | Cikin gari | Sulluɓewa ta yaga guringuntsi |
| Aiki, gwamnati | Matsakaici, ƙarafuna a kanka | Mai kyau in likita gwani ne kuma an yi gashi | Layi da ɗage rana | Na kowace tiyata |
| Aiki, asibitin kuɗi | Miliyoyi | Daidai da na sama | Da wuri | Na tiyata, da ƙarin bil |
| Fita waje | Mafi tsada, da dala | Daidai da na sama | Biza, jirgi, masauki | Daskarewar jini, nisa da likita, 'yan ejan |

Na tiyatar da nake nufi su ne shigar ƙwayar cuta cikin gaɓa, wanda ba ya yawan faruwa amma in ya faru tashin hankali ne, da ƙagewa, da sake tsinkewar sabuwar jijiyar. Wannan na ƙarshen ya fi bin yara matasa masu gaggawar komawa fili. Wani bincike na 2016 ya nuna duk wata ɗaya da aka ƙara jira, har zuwa wata na tara, haɗarin sake jin ciwo na raguwa da kusan rabi. Kuma kar wani ya ce maka aiki zai hana ka ciwon gwiwa na tsufa, aiki sulluɓewa yake tsayarwa.

To daga ina kuɗin zai fito?

A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, duk da a Abujar nan tamu aka yi alƙawari a 2001 cewa ƙasashen Afirka za su riƙa ware kashi 15 na kasafi ga lafiya. Saboda haka kusan kowa da aljihu da dangi zai fara.

In kana da inshora, ta tarayya da ta koma NHIA a 2022 ko ta taimakekeniyar jiha wato KTSCHMA, kar ka ɗauka an gama, kar kuma ka ɗauka ba ta da amfani. Ka bi ta asibitin da ka yi rajista su rubuta maka takardar turawa, a samo lambar amincewa kafin a taɓa ka, don in ka riga ka biya da kanka karɓo kuɗin sai wani ikon Allah. Ka tambaya dalla-dalla, ganin likita, MRI, gado, aikin kansa, ƙarafuna, gashi zuwa nawa, wanne suka ɗauka wanne suka bar maka. Ko rabi suka ɗauke an rage.

Adashi ya dace da wannan ciwon sosai tunda ba gaggawa, ka roƙi uwar adashi ta matso maka da kwasarka zuwa watan da aka ba ka rana. Taron dangi ma ya fi tasiri in ka zo da takardar asibiti mai hatimi kowa ya ga adadi, maimakon "ana neman taimako". Haka neman taimako a Facebook ko masallaci ko wajen masu fitar da zakka, takarda da lambar akawun ɗin asibitin sun fi sa mutane sakin jiki, don an sha cutar su. Sai dai ka sani, ciwon da mai shi ke tafiya da ƙafarsa ba ya tsinka zuciya kamar na mai wankin ƙoda, kar ka dogara da nan kaɗai. Ɗan wasan da ke da kwantiragi da kulob ya duba takardarsa, jinyar ciwon da aka ji a fili ana sa ta a yarjejeniya. Bashin manhajar waya kam ka guje shi, ban da ruwan da ke kai, wa'adinsa zai cika kana kan sanduna ba ka fita nema. Kuma in za a sayar da kadara a sayar da tumaki ko fegi, kar a sayar da mashin ko keken ɗinkin da za a ci abinci da shi bayan an warke.

Duk abin da ka tara, ka ware na gashi gefe tun farko kamar ba naka ba. Ga misali, zuwa biyu a sati na wata uku, sannan zuwa ɗaya a sati na wata shida, kusan zuwa 50 kenan. A ce kowane zuwa da kuɗin Napep naira 5,000, ka ga 250,000 ta tashi. Na ga wanda aka haɗa wa kuɗi aka yi mashi aiki mai kyau, aka dawo ba ko sisi, ya zauna gida wata huɗu yana shafa man zafi, yau ƙafar ba ta miƙewa sosai, da kujera yake salla.

Wa ya dace da wanne

In kai ma'aikacin ofis ne ko malami ko mai shago, shekaru sun ɗan ja, ƙwallo dama ta motsa jini ce, fara da gashi wata uku da gaske. In ƙafar ta daina sulluɓewa ka riƙe kuɗinka, ka koma keke da tafiyar ƙafa.

In saurayi ne ɗan ƙwallo da ke son ya taka leda a filin wasa na Karkanda wata rana, ko mai shirin shiga soja ko ɗan sanda, ko ɗan dambe, aiki ne, kuma ya sa a ransa shekara guda ta tafi. Ya nemi asibitin gwamnati da ke da gwanin kyamara, ya yi gashi yana jiran rana.

In manomi ne ko birkila ko ɗan acaɓa, a gwada gashi, amma da ta kayar da shi sau biyu ko uku a kan kunya ko tsani to a daina jira. Manomi ya nemi a sa mashi rana bayan kaka, ga kuɗin amfanin gona a hannu, ga rani gaba ɗaya na jinya kafin ruwa ya sauka.

In MRI ya nuna guringuntsi ya yage irin wanda ake iya ɗinkewa, ko gwiwa na kullewa, lokaci ya fi kuɗi tsada, in layin gwamnati ya yi nisa a lallaɓa a je na kuɗi a Kano.

Fita waje na bar wa wanda aka taɓa yi wa aikin ya lalace ana son gyara, ko wanda jijiyoyi biyu ko uku suka tsinke mashi lokaci guda kuma likitan gida da kansa ya ce a fita, ko wanda ma'aikatarsa ko kulob ɗinsa zai biya har da tikiti.

Ƙanen nawa dai gashin wata uku bai riƙe shi ba, ta sake kayar da shi a matakalar masallaci, aka yi mashi aiki a nan gida Najeriya da jijiyar bayan cinya. Yanzu wata na bakwai, ya ajiye kujera yana zaman tahiya, ya fara gudu miƙe da asuba. Takalman ƙwallon suna ɗakin Hajiya cikin akwati ta sa kwaɗo, ta ce sai ɗan fiziyo ya rubuto da hannunsa.